Rage Haɗarin Ƙaruwa Lokacin Haihuwa: Jawabin Ungozoma ga Masu Juna Biyu

Wannan takarda ta ƙunshi jawabin da ɗaya daga cikin ungozomomin sashen haihuwa na wannan asibiti takan gabatar a ajin shirin haihuwa. An buga shi da Hausa domin matan da ke zuwa awo a nan Birtaniya waɗanda Hausa ta fi yi musu sauƙi. Ki adana ta tare da takardunki na awo, ki kuma zo da ita ranar da za ki ga ungozomarki.



Maganar da zan yi da ku yau magana ce da ba a saba yinta a bainar jama'a ba. Na ga wasunku sun sunkuyar da kai tun da aka faɗi kan jawabin, kuma ban ga laifinsu ba, domin da kunya aka tarbiyyantar da mu. Amma wurin da za mu yi magana a kansa jikinku ne, ku za ku zauna da shi bayan an gama taron suna kowa ya watse. Saboda haka zan kira kowane abu da sunansa, ku gafarce ni.

Mece ce ƙaruwa?

Tsakanin bakin farji da dubura akwai fata da tsoka waɗanda tsawonsu bai wuce 'yan santimita ba. Lokacin da kan jariri ya zo fita, wannan ɗan wuri ne yake miƙewa fiye da ko'ina. Wani lokaci yakan miƙe ya koma lafiya lau. Sau da yawa kuwa yakan tsage, shi ne muke cewa mace ta ƙaru. Idan ungozoma ko likita ne ya yanka wurin da gangan don ya buɗe hanya, sai mu ce an yi mata ƙari.

Ƙaruwa ba baƙon abu ba ce. Bisa alkaluman Kwalejin Likitocin Mata da Haihuwa ta Birtaniya, har mata 9 cikin 10 masu haihuwar fari ta hanyar farji sukan sami ɗan karce, ko tsagewa, ko ƙari. Kada wannan adadi ya tayar muku da hankali, domin mafi yawansu ƙanana ne, suna warkewa cikin makonni kaɗan. A asibiti mun kasa ƙaruwa mataki huɗu. Ta mataki na ɗaya a fata kawai take tsayawa, wani lokaci ma ba ta bukatar ɗinki. Ta mataki na biyu takan shiga tsoka, ana ɗinke ta a ɗakin haihuwa bayan an yi allurar kashe zafi. Ta mataki na uku ita ce wadda ta kai ga zoben tsokar da ke riƙe bakin dubura, ta huɗu kuwa ta wuce zoben ta taɓa fatar cikin duburar kanta.

Waɗannan biyu na ƙarshe su ne abin da muke gudu. Zoben tsokar nan shi ne yake ba mutum ikon riƙe iska da bayan gida har ya isa makewayi. Idan ya tsage ba a gane ba, ko ba a gyara shi yadda ya kamata ba, mace tana iya wayar gari ba ta iya riƙe tusa, ko ta riƙa ganin ƙazanta a tufafinta ba tare da saninta ba. Kun san abin da wannan yake nufi ga mace wajen tsarkinta, da zamanta da maigidanta, da shigarta cikin mutane. A nan Birtaniya irin wannan babbar ƙaruwa tana samun kimanin mata 3 cikin 100 masu haihuwa ta farji. Ga masu haihuwar fari adadin ya kai kusan 6 cikin 100, ga waɗanda suka taɓa haihuwa kuwa kimanin 2 cikin 100.

Akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin: haihuwar fari, jariri mai nauyin fiye da kilo 4, jaririn da ya zo fuskarsa tana kallon cibiyar uwa maimakon bayanta, daɗewa ana yunƙuri, maƙalewar kafaɗar jariri, da haihuwar da sai an taimaka da ƙarfen kama kai ko kofin zuƙo. Yawancin waɗannan ba a hannunku suke ba, ba kuma laifin kowa ba ne. Ba zan yi muku alkawarin cewa babu wadda za ta ƙaru a cikinku ba. Abin da zan iya cewa shi ne akwai matakan da aka gwada aka ga suna rage haɗarin, wasu naku ne, wasu namu.

Aikinki tun kafin naƙuda

Daga mako na 35 na ciki, muna ba da shawarar ki fara tausar wurin. Manufar ita ce fatar ta saba da miƙewa, ke ma ki saba da jin wannan miƙewar, don kada ta firgita ki ranar haihuwa. Bincike ya nuna cewa tausar ta fi amfani ga masu haihuwar fari, tana rage yiwuwar a yi musu ƙari ko su bukaci ɗinki.

Ga yadda ake yi. Ki zaɓi lokacin da kika fito daga wanka, jiki ya yi laushi. Ki yanke farcenki, ki wanke hannu da sabulu. Ki jingina da matashin kai a kan gado kin lanƙwasa gwiwoyi, ko ki tsaya ki ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera. Ki shafa man zaitun ko wani mai marar turare a manyan yatsunki, ki sa su cikin farji kimanin santimita 3, sa'an nan ki danna ƙasa wajen dubura da gefe da gefe har sai kin ji wurin ya miƙe yana ɗan raɗaɗi. Ki riƙe haka kamar minti ɗaya kina numfashi a hankali. Daga nan ki riƙa murzawa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai shafe gindin ƙwarya, na minti biyu ko uku. A makon farko za ki ji babu daɗi, daga baya sai ya yi sauƙi. Idan kin samu kin yi kullum, madalla, idan kuwa sau uku ko huɗu a mako ya samu, shi ma ya yi. Idan ciki ya tsufa hannunki ba ya kaiwa, maigidanki zai iya taya ki in kin amince.

Kada ki yi tausar idan kina da ƙaiƙayi ko ƙuraje a gaba, ko kina ganin jini, ko faya ta fashe, ko kuma an gaya miki cewa mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa. Ki fara tambayar ungozomarki.

Abu na biyu da nake roƙonku kafin naƙuda ya fi tausar wuya ga wasu. Idan an taɓa yi miki kaciya tun kina yarinya, ko yankan gishiri, ko an cire miki angurya, ko kin taɓa yin babbar ƙaruwa a wata haihuwa a gida ko a wata ƙasa, ki gaya mana tun wajen awo. Tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata, kuma ungozomar da ta san yana nan za ta shirya masa. Matan da aka yi musu irin kaciyar da ake ɗinke bakin farji, kamar yadda ake samu a wasu sassan Sudan, ana iya buɗe musu wurin tun ciki yana tsakiya ko lokacin naƙuda. Dokar ƙasar nan ta 2003 ta haramta kaciyar mata, ta kuma hana a sake ɗinke wurin bayan haihuwa, amma macen da aka yi wa tun tana ƙarama ba ta aikata laifin komai ba. Za mu yi miki wasu tambayoyi, musamman idan kina da 'ya'ya mata, domin aikinmu ne kare su. Kina da ikon neman tafinta kyauta, kuma mun fi son haka da a ce ɗanki ko maigidanki ne yake fassara miki irin wannan magana.

Mintunan da kai yake fitowa

Yanzu na zo kan abin da ya fi muhimmanci a duk jawabin nan. Naƙuda tana iya ɗaukar yini guda, amma yawancin ƙaruwa a cikin 'yan mintuna take faruwa, wato lokacin da kan jariri ya cika bakin farji yana shirin fita. Fatar wurin kamar sabuwar roba take: idan aka ja ta sannu a hankali sai ta bayar, idan aka fizge ta sai ta yage. Duk dabarunmu a kan abu ɗaya suka taru, shi ne kai ya fito a hankali.

Matsalar ita ce, a daidai wannan lokaci jikinki zai ce miki ki yi yunƙuri da duk ƙarfinki ki huta. Za ki ji zafi kamar an kunna wuta a wurin. Sai kuma ki ji ni ina cewa, "Dakata, kada ki yi nishi, ki riƙa huci kawai." Ba mugunta ba ce. A lokacin ina kallon fatar tana yin siriri tana ƙyalli, ina jira ta bayar. Abin da nake so ki yi shi ne ki buɗe baki ki riƙa fitar da iska gajere-gajere, kamar mai hura kunu mai zafi a ludayi. Mahaifa ita kaɗai za ta ci gaba da turo jaririn ko ba ki taimaka mata ba. Idan na ce ki ɗan tura kaɗan, sai ki tura kaɗan ki tsaya. Ki gwada wannan hucin a gida tun yanzu, domin abin da jiki ya saba da shi ne yake tunawa idan wuya ta yi wuya.

A nan zan taɓo wata al'ada tamu. An koya mana cewa mace ta gari ba ta raki wajen haihuwa, musamman haihuwar fari, sai ta cije ta yi shiru. Na sha karɓar matan da suka yi ta daurewa a gida har sai da kai ya sauko sa'an nan suka taho, suka haihu ko mayafi ba su gama cirewa ba. Dauriyarsu abin yabo ce, amma ba ta bar mana lokacin yin ko ɗaya daga cikin abubuwan da zan lissafa muku ba. Idan naƙuda ta kama, ki buga waya sashen haihuwa da wuri. Idan kin ji yunƙuri ya taso, ki faɗa. Ungozomar da ba ta san al'adarmu ba tana iya ɗaukar shirunki a matsayin cewa da sauran lokaci.

Ga abin da mu kuma za mu yi, da izininki.

Za mu jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi mu dafa a wurin yayin da kai yake saukowa. Abu ne mai sauƙi ƙwarai, amma gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana rage babbar ƙaruwa, kuma mata da yawa sun ce yana rage musu raɗaɗi. Idan ba a kawo ba, ki tambaya. Idan ya yi miki zafi da yawa, ki ce a surka.

Za mu sa hannu ɗaya mu tallafi fatar da ke ƙasa, ɗaya kuma a kan jaririn don kada ya fito da gudu, mu ci gaba da tallafar har kafaɗu su fita, domin kafaɗa ma tana yaga. Wannan yana cikin wani tsari da ake kira OASI, wanda kwalejin likitocin da na ambata ta tsara tare da Kwalejin Ungozomomi. An gwada shi a sassan haihuwa 16 a Ingila da Sikotilan da Wales tsakanin 2016 da 2018, aka ga babbar ƙaruwa ta sauko daga mata 33 cikin 1,000 zuwa 30 cikin 1,000. Wata za ta ce ai ragin kaɗan ne. Haka ne, amma a ƙasar da ake haihuwar dubban ɗaruruwan jarirai a shekara, ukun nan mata ne masu yawa.

Kina iya ganin ungozoma ta biyu ta shigo ɗaki gab da haihuwa. Kada ki zaci wani abu ya lalace. Wani bincike da aka yi a Suwidin aka buga a 2022 ya nuna cewa ga matan da ke haihuwarsu ta farko ta farji, idan ungozomomi biyu suna wurin, babbar ƙaruwa takan tsaya a kusan 4 cikin 100, maimakon kusan 6 cikin 100 idan ɗaya ce. Ido huɗu ya fi biyu gani.

Batun yadda za ki zauna kuwa, a nan iyayenmu sun riga mu. A durƙushe kakanninmu suke haihuwa, kuma durƙuso, ko rarrafe da hannu da gwiwa, ko kwanciya a gefe, duk suna cikin yanayin da muke ba da shawara a yau, domin suna rage matsi a kan fatar, suna kuma sa kai ya sauko a hankali. Kwanciya rigingine an ɗaga ƙafafu sama an fi bukatarta idan likita zai taimaka da kayan aiki. Idan an yi miki allurar baya ƙafafunki sun yi nauyi, kwanciya a gefe ta wadatar.

Ƙari

Da can akan yi wa kusan kowace mai haihuwar fari ƙari, ana ganin yanka ya fi tsagewa. An daina wannan, domin an gano cewa yi wa kowa ba ya hana babbar ƙaruwa. Yanzu sai da dalili: idan bugun zuciyar jariri ya nuna yana bukatar fitowa da gaggawa, ko za a yi amfani da ƙarfe ko kofi, ko ungozoma ta ga alamar wurin zai tsage zuwa dubura. Idan ya zama dole, za a gaya miki, a nemi yardarki, a yi allurar kashe zafi, sa'an nan a yanka a karkace zuwa gefe, nesa da dubura. Idan haihuwar ƙarfe ce, ƙari yana kare zoben tsokar nan sosai, kuma shawarata ita ce kada ki ƙi shi a irin wannan hali.

Dubawa bayan haihuwa

Bayan jariri da mabiyiya sun fito, za mu nemi izinin duba ki da kyau a ƙarƙashin fitila, har da sa yatsa ɗaya mai safar hannu a cikin dubura. Na san wannan ne abin da mata suka fi ƙi, ga gajiya ga kunya. Ba ya wuce 'yan daƙiƙu, kuma za a ba ki iskar rage zafi ki shaƙa idan kina so. Dalilinsa shi ne tsokar ciki tana iya tsagewa alhali fatar waje tana nan kamar ba abin da ya same ta, ido kaɗai ba ya ganewa. Tsagewar da aka gano a ranar aka gyara ta fi warkewa nesa ba kusa ba a kan wadda aka gano bayan wata shida. Kina da ikon ki ce a'a, amma ina roƙonki ki yarda.

Idan aka sami ƙaruwa ta mataki na uku ko na huɗu, likita ne zai ɗinke ta a ɗakin tiyata, inda akwai haske da kayan aiki, bayan an yi miki allurar baya. Za a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta, da maganin sassauta bayan gida don kada ki yi yunƙuri a kan ɗinkin, a haɗa ki da masu koyar da motsa tsokar ƙugu, a kuma ba ki ranar dawowa tsakanin mako 6 da mako 12. Mata 6 zuwa 8 cikin 10 da aka yi wa wannan gyara ba su da sauran wata matsala bayan shekara guda. Idan kin sake samun ciki, za a zauna da ke a tattauna ko ki haihu da kanki ko a yi miki aiki.

A gida, lokacin jego

Zaren da muke ɗinki da shi yana narkewa da kansa, ba sai an cire ba. Ki riƙa wanke wurin da ruwa zalla, ki tsane da tawul mai tsabta daga gaba zuwa baya, ki yawaita canza audugar mata, ki wanke hannu kafin canzawa da bayanta. Idan fitsari yana yi miki zafi, ki riƙa zuba ruwan ɗumi da buta yayin da kike yi. Farasitamol da ibufurofen ba sa hana shayarwa, sai dai ki tambaya tukuna idan kina da gyambon ciki ko asma. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma tana rage kumburi a kwanakin farko, amma kada ki ɗora ta kai tsaye a fata. Ki sha ruwa da yawa, ki ci ganye da 'ya'yan itatuwa don kada ciki ya ɗaure.

Na san da yawanku iyaye ko surukai za su zo daga gida don wankan jego, kuma samun mai kula da ke a kwana arba'in ɗin nan babbar ni'ima ce da matan ƙasar nan da yawa ba su da ita. Abin da nake roƙo shi ne a surka ruwan ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba, domin ruwa mai tsananin zafi yana ƙona fata, kuma fatar da ke da ɗinki ba ta jure ƙuna. Kada a sa bagaruwa, ko kanwa, ko alif, ko maganin wanke ƙasa a ruwan zama, kada kuma a cusa komai a ciki da sunan matsi. Ki nuna wa Hajiya wannan shafi, ki ce ungozoma ce ta faɗa, laifin ya hau kaina.

Game da kwanciyar aure, ki jira jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, ke kuma kin ji kin shirya. Cikar arba'in ba ta nufin wurin ya gama warkewa ga kowace mace. Idan zafi ya ci gaba, ki faɗa wa likitanki a duban da ake yi tsakanin mako 6 da mako 8 bayan haihuwa, akwai magani.

Kada ki jira wannan duba idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, wurin yana wari ko yana fitar da mugunya, ɗinkin ya buɗe, zazzaɓi ya kama ki, ko ba kya iya riƙe fitsari, iska ko bayan gida. Ki buga lambar sashen haihuwa da ke jikin takardunki na awo, dare ko rana, ki ce kina bukatar tafintan Hausa. Idan jini ya ɓalle da yawa, ko jiri yana ɗibarki kamar za ki suma, a kira 999.